Tumatirin da ya zo Riyad cikin kauɗa

Duk wanda ya taɓa tarbar baƙon Kano a Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid ya san tsarabar: kuka, daddawa, kauɗar tumatir. Cikin kauɗar Kadawa Ummana ta tsinci irin da take shukawa a saman gidanmu.

Furen tumatir kansa yake yi wa barbara, shi ya sa iri ke riƙe kamanninsa. Amma jefi-jefi ƙudan zuma kan ɗebo garin fure daga na maƙwabta. Haka muka samu wani dogo mai ɗan tsami, miyarsa wallahi sai wanda ya ɗanɗana.

To, riƙe shi ne aikin. 'Ya'yan gauraye rarrabuwa suke yi, kowanne da kamarsa. Za ka zaɓi wanda ya yi maka, ka bar ƙwayar cikin ruwanta kwana 3, ka wanke, ka shanya a inuwa, ka sake shukawa. Sai an yi zagaye 6 zuwa 8 yake tsayawa. A Riyad kuwa da sanyi kaɗai muke shuka, don zafi kakkaɓe fure yake, zagaye ɗaya ke nan a shekara. Muna na 4. Umma ta ce bana ni zan zaɓa.