Matsalar Jera Taurari Mata a Labaran Al'ajabi na Hausa: Nazari Daga Iyakar Jibiya

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana yadda ya kamata a tsara jerin taurari mata na labaran al'ajabi, wato labaran da aljannu, dodanni da tsafi suke gudanar da su, har da na ƙagen kimiyya. Mun zaɓi Jibiya ne domin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta nan ta bi, kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ba ta raba tatsuniyoyin Katsinawan ɓangarorin biyu ba.

Matsalar Suna

Wanda ya dogara ga littattafai kaɗai zai ɗauka cewa wannan fage na maza ne. Tauraron Ganɗoki na Bello Kagara (1934) namiji ne. Haka ma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. A Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo (1969), yaro ne, Kilba, aka tafi da shi sararin samaniya.

Amma mu dubi Ruwan Bagaja. A littafin Abubakar Imam (1934), Alhaji Imam ne ya tafi neman ruwan. A tatsuniyar da iyayenmu mata suke yi da dare kuwa, yarinya ce, 'yar bora, aka tura wanke ƙirgi a Ruwan Bagaja. Ta haɗu da abubuwan ban tsoro, ta yi ladabi, ta komo da arziki, 'yar mowa kuwa ta yi rashin kunya ta taɓe.

Abin lura shi ne yarinyar ba ta da sunan yanka. Matsayin uwarta a gidan miji shi ne sunanta. Haka tsohuwa, kishiya, mayya, dodanniya da 'yar sarki. Ƙoƙi, matar Gizo, tana cikin 'yan kaɗan masu suna. Saboda haka jerin da aka gina bisa sunaye zai zubar da mafi yawansu, sa'an nan manazarci ya yanke hukuncin cewa babu su.

Tsarin da Muke Ba da Shawara

Muna ganin kowace tauraruwa a rubuta mata abubuwa huɗu. Na farko, laƙabin da labarin ya kira ta da shi. Na biyu, jinsinta: mutum ce, aljana ko dabba. Na uku, aikinta: ita ta yi tafiyar, ita ta ba da asirin, ko kuwa ita aka bayar tukuici. Na huɗu, garin da aka ji labarin da wadda ta ba da shi, domin a kwatanta ruwayar Jibiya da ta Ɗan Isa ko Madarunfa.

Za a fara da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar (1911-1913) da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, daga nan a shiga ƙauyuka.

Kammalawa

Aikin na gaggawa ne. Littafi yana iya jiran manazarci a kan kanta, amma tsofaffin matan da ke riƙe da waɗannan labarai a ka, a hagu da daman iyaka, kullum raguwa suke yi.