Allurar Kashe Ciwo Da Awon Tsamin Jini

Maganarmu ta yau a kan waɗanda a ke yi wa fiɗar zuciya ce a manyan asibitoci, da abubuwa biyu da kan tsorata masu jiyya.

Tun 1953, da Dakta Gibbon na Amurka ya yi aiki da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, likitoci su ke iya buɗe zuciya su gyara. Galibi sai an tsaga ƙashin ƙirji. In majiyyaci ya farfaɗo daga banju, zafin wurin kan hana shi jan numfashi sosai ko yin tari. To, sai majina ta taru a huhu, wata cuta ta shigo.

Saboda haka a kan yi masa allura a gefen ƙashin ƙirji ko a gadon baya, daidai jijiyoyin da ke kai labarin zafi ga ƙwaƙwalwa. Wurin sai ya yi sanyi na sa'o'i da yawa, sa'an nan ya komo daidai. Ba shanyewa ba ce. Amfaninta, a rage masa maganin ciwo mai ƙarfi da ke kawo barci da amai.

Abu na biyu, ɗibar jini a kai a kai. Wani tsami a ke aunawa, sunansa laktat, ɗan'uwan wanda ke cikin nono. Cikin madara mai tsami ma aka fara gano shi, a ƙasar Suwidin, a 1780. Ga mai lafiya ba ya cika wuce milimol 2 a lita. Idan zuciya ta gaza tura jini ko'ina, naman jiki ya rasa iska, sai tsamin ya hau. Tsananin wahala da waɗansu magunguna ma kan ɗaga shi. Da likita ya ga yana hauhawa, sai ya nemi dalili tun abin bai yi nisa ba. Jinin da a ke ɗiba kuwa bai cika ƙaramin cokali ba.

Don haka kada ku hana allura, kada ku yi rigima kan ɗibar jini. Ku ƙarfafa majiyyaci ya rungume matashi a ƙirji ya yi tari. In zafi ya komo, ku gaya wa nas nan da nan.

Allah ya ba mu lafiya, amin.