Maganin Homon Da Hukuncin Mata-Maza A Musulunci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Duk almajirin da Allah ya nufe shi da sauke Muhtasar na Shehu Halilu ya san da mas'alar hunsa littafin ya ƙare, watau mutumin da mu Hausawa muke kira mata-maza. A nan ne malam yakan zayyana alamun da ake rarrabewa da su: mafitar fitsari, da fitowar gemu ko nono, da haila ko maniyyi. Idan ɗaya ta bayyana, rikici ya kau. Idan kuwa babu wadda ta rinjaya, shi ne hunsa mushkili, wanda a mazhabarmu ta Malikiyya ake ba shi rabin gadon namiji da rabin gadon mace. Misali, mutum ya rasu ya bar ɗa namiji da hunsa: sai a kasa dukiya kashi 12, namiji ya ɗauki 7, hunsa ya ɗauki 5. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar wannan babi tamkar na wasa ƙwaƙwalwa kawai. To, ga shi yau ya dawo mana ta ƙofar asibiti.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da jikinsu yake cikakke, na namiji ko na mace, amma suna cewa a ransu ba su jin su maza ne, ba su kuma jin su mata ne. Waɗansu daga cikinsu sukan je wurin likita su nemi magani wanda zai tsayar da kamanninsu tsaka-tsaki, yadda mai kallo ba zai iya yanke ko wane jinsi ne ba. A shekarar 2022 ƙungiyar likitocin duniya masu wannan fanni, WPATH, ta fitar da bugu na 8 na ƙa'idojinta, kuma a cikinsa ne ta fara keɓe babi guda domin irin waɗannan mutane. Su kansu Turawan ba su daidaita a kan al'amarin ba. Amurka ta fara ba da fasfo mai alamar X a 2021, ta kuma janye a 2025. Ingila kuwa, bayan rahoton Dokta Hilary Cass na 2024, ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 18 maganin tsayar da balaga saboda wannan dalili.

Maganin da ake magana a kai shi ne homon, watau sinadaran da jiki yake yi da kansa suna bin jini. Testostiron shi ne ya fi yawa a jikin namiji, istirojin kuma a jikin mace. Mai neman tsaka-tsaki akan ba shi homon na ɗaya jinsin kaɗan-kaɗan, ko na ɗan lokaci sannan a tsaya. Amma likitocin da kansu suna faɗa wa mai nema cewa rage yawan magani yana jinkirta canji ne kurum, ba ya ba mutum damar zaɓen abin da zai canza da abin da zai bari. Macen da take shan testostiron, haila takan ɗauke mata cikin watanni 2 zuwa 6, murya ta yi kauri, gashi ya tsiro a fuska, jini kuma yana iya yin kauri. Muryar nan ba ta komawa ko an daina. Namijin da yake shan istirojin, nono yakan fara fito masa cikin watanni 3 zuwa 6, kuma ba ya komawa sai da fiɗa. Maniyyi ya ragu, haɗarin daskarewar jini a jijiya ya ƙaru. Duka biyun haihuwarsu tana iya raunana. Wanda kuwa ya nemi a danne homon ɗin duka biyu, ƙasusuwansa za su yi ta lalacewa, domin ƙashi ba ya ƙwari sai da ɗayansu.

To, mene ne matsayin Shari'a? A watan Rajab na 1409, daidai da Fabrairun 1989, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta yi zamanta na 11 a Makka, ta raba mas'alar gida biyu. Wanda gaɓoɓinsa na namiji ko na mace suka cika, bai halatta a juya shi ba, domin wannan canza halittar Allah ne, abin da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta jingina wa ruɗin Shaiɗan. Wanda kuwa alamun jinsi biyu suka taru a jikinsa, sai a dubi wanda ya rinjaya, kuma ya halatta a yi masa magani domin kawar da rikici, ko da fiɗa ko da homon. Shekara guda kafin haka, Muftin Masar, Shehu Muhammad Sayyid Ɗanɗawi, ya ba da fatawa cewa fiɗa ta halatta idan amintaccen likita ya tabbatar akwai dalili a halitta, amma ba don son rai kaɗai ba. A Iran, Ayatullahi Khumaini ya ba da izini mai faɗi fiye da haka a shekarun 1980, sai dai ko a can mutum yana komawa ne namiji ko mace a hukumance.

Mai karatu zai lura cewa magani ɗaya ne, hukunci ne ya bambanta. Malamai sun halatta homon inda zai fitar da mutum daga rikici, tun da sahu a salla, da aure, da gado, da wankan gawa duk sun rataya a kan sanin jinsi. Neman tsaka-tsaki kuwa shigar da jiki ne cikin rikicin da babu shi tun farko, saboda haka a ma'aunin fatawar Makka ya faɗa gida na farko.

Amma hani ga aiki ba izini ba ne na wulaƙanta mutum. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bayyana cewa namijin da aka halitta da laushin murya da motsi irin na mata, ba da ganganci ba, babu zargi a kansa, babu zunubi. Tsinuwar da ta zo a hadisi tana kan mai ƙirƙirar hakan ne da gayya. Wanda yake fama da ƙuncin zuciya game da jikinsa, ƙuncin nan na gaske ne. Yana bukatar malami mai sauraro, da likita mai amana, da iyaye masu haƙuri. Kora da tsangwama su ne suke tura yaro ya sayi allura a ɓoye, ya yi wa jikinsa ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne jariran da ake haifa a gidajenmu al'aurarsu ba ta fayyace ba. Iyaye sukan rufe zancen saboda kunya, a yi sauri a raɗa suna ran bakwai bisa zato. Alhali kuwa mafi yawan abin da yake jawo wannan ga 'ya mace shi ne wata cuta ta ɗan ƙullutun da ke bisa ƙoda, wadda take samun kimanin jariri 1 cikin 15,000 a duniya. Tana sa al'aurar yarinya ta yi kama da ta namiji, kuma sau da yawa tana sa gishiri ya riƙa zuba daga jiki. A mako na 2 ko na 3 sai jaririya ta fara amai, ta ƙi nono, ta bushe, har rai ya yi halinsa, a ce mayu ne. Maganinta kuwa shi ma homon ne, ƙwayar da za ta riƙa sha tsawon rayuwa, kuma da shi za ta iya girma, ta yi aure, ta haihu.

Saboda haka muna kira ga iyaye da ungozomomi, duk jaririn da aka yi shakka a kansa a garzaya da shi babban asibiti tun kafin suna. A yau likitoci suna da gwajin jini da hoton ciki waɗanda suke nuna abin da magabata sai sun jira balaga kafin su gani. Muna kuma roƙon limamai su faɗa wa jama'a a kan mumbari cewa mata-maza ba la'ana ba ce, bawan Allah ne mai rabo a gado da wuri a sahu, kuma neman magani dominsa halal ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya suturta zuriyarmu, ya sa mu dace. Amin.