Kafin Ka Ce "Na Saya": Cinikin Gida a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Duk wanda ya zauna a garin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa a 'yan shekarun nan ya ga yadda gari ya cika ya batse. Tun kafin daren 11 ga Disamba, 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara har duniya ta san sunan garin, mutanen ƙauyuka sun fara tattara komatsansu suna shigowa. Wasu suka yada zango a nan, wasu suka zarce Funtuwa da Malumfashi, wasu har Katsina da Zariya. Mai shigowa yana neman inda zai sa iyalinsa, mai fita yana so ya sayar da kangonsa ya sami abin lallaɓawa a can. Akwai kuma wanda ya sa gidansa a kasuwa ala tilas don a haɗa kuɗin fansar ɗan'uwa. Duk cinikin nan a gurguje ake yinsa, ba mai tsayawa bincike.

Kowa ya san yadda aka saba. Bayan la'asar dillali ya kawo mai saye, a zagaya gida, a leƙa rijiya, a ɗaga kai a dubi rufi. A dawo zaure a taya, a yi albarka, a ƙara, har mai gida ya ce, "Na sallama." A aiki yaro ya yago falle ɗaya daga littafinsa na makaranta, wani mai kyan rubutu ya rubuta cewa wane ya sayar wa wane gidansa da ke unguwa kaza a kan kuɗi kaza. Mai unguwa ya buga hatimi, shaidu su dangwala, dillali ya soke la'adarsa a aljihu, a shafa fatiha a watse.

Haka aka yi da wani baffana. Da zaman ƙauye ya gagara sai ya sayar da shanun huɗarsa biyu da abin da ya rage a rumbu, ya sayi gida a hannun wani magidanci da mahaifinsu ya rasu. Ya ƙara ɗaki biyu, ya buga kwano. Damina biyu tsakani sai ga sammaci. Ashe marigayin yana da 'ya mace da ke aure a Funtuwa, ba a raba gado ba, ba kuma wanda ya shawarce ta. Na ce masa, "Baffa, ba ka tambaya ko gidan gado ne ba?" Ya ce, "Ɗana, babbansu ne fa ya sayar mini, ga mai unguwa a zaune. Wa kuma zan tambaya?" Aka yi ta je ka ka dawo a kotu kusan shekara. Shi wanda ya sayar ya riga ya cinye kuɗin, ba shi da ko sisi. Daga ƙarshe Baffa ya gwammace ya biya matar kasonta daga aljihunsa da a ce ya kwashe iyalinsa ya sake fita.

Ni dai a ganina gidan gado ya fi kowane gida jefa mutanenmu cikin wannan rami. Zama babba a gida bai ba mutum ikon sayar da rabon ƙannensa ba. Matar mamaci tana da tumuninta in ya bar 'ya'ya, 'ya'ya mata suna da nasu kason ko da a Sakkwato suke aure, marayun da ba su balaga ba suna da nasu, kuma ba a sayar da kason maraya da ka, sai ta hannun wanda shari'a ta ɗora a kan dukiyarsa, mafi aminci kuma da sanin alƙali. Akwai kuma abin da malamai ke kira shufa'a: in magaji ɗaya ya sayar wa bare kasonsa a gidan da ba a raba ba, sauran abokan tarayyarsa suna da damar su mayar wa baren kuɗinsa su karɓe kason. Saboda haka in aka ce maka mai gida ya rasu, ka nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a. In babu, to kowane magaji ya zo da ƙafarsa ya sa hannu, ko ya aiko wakili da rubutacciyar shaidar wakilci. "Ai mun yi waya da ita, ta yarda" ba hujja ba ce ranar da aka tsaya gaban alƙali.

Sai maganar hukuma, wadda mafi yawanmu ba mu sa ta a lissafi. Tun ranar 29 ga Maris, 1978, da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Filaye, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. A Arewa abin ba baƙo ba ne, domin dokar filaye ta 1962 da ma wadda Turawa suka shimfiɗa a 1910 duk a kan wannan turba suke. Abin da kake saya ke nan gini ne da haƙƙin zama a kan filin. Dokar ta raba fili gida biyu. Wanda gwamna ya ayyana a matsayin cikin birni, shi ke ba da izinin zama a kansa, takardar nan da ake ce wa si-of-o, wadda galibi shekara 99 take ɗauka in gidan zama ne. Wanda ke wajen wannan da'ira kuwa yana ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Sashe na 22 ya ce mai izinin gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar gwamna, sashe na 21 ya ɗora wa mai izinin gargajiya neman amincewar ƙaramar hukuma, na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne.

Kada wani ya ɗauka barazana ce a takarda kawai. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar bankin Savannah da wani mai suna Ajilo, ta rushe jinginar da aka yi wa bankin saboda ba a nemi yardar gwamna ba, alhali mutumin ya mallaki filin tun kafin a kafa dokar. Banki ke nan, mai lauyoyi birjik. Ina ga mai fallen littafin makaranta?

Ban ce hatimin mai unguwa banza ne ba. Shi ya san wanda ya fara sare wurin, ya san wanda ya rasu da waɗanda ya bari, kuma shaidarsa tana da nauyi a kotu. Dagaci da hakimi ma haka. Sai dai takardarsu shaida ce cewa an yi ciniki, ba ta zama izinin da dokar 1978 take nufi ba. Daga zauren mai unguwa akwai sauran tafiya: sashen filaye na sakatariyar ƙaramar hukuma, inda za a gaya maka ko filin na ɓangaren gwamna ne ko nasu. In mai sayarwa ya nuna maka si-of-o, kar kyan takardar ya ruɗe ka. A kai lambarta Katsina, ma'aikatar filaye ko hukumar KATGIS da aka kafa a zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, a duba ko sunansa ne a kundi, ko an jinginar da gidan a banki, ko gwamnati ta riga ta soke izinin don hanya ko makaranta.

Fulotan da ake yankawa a gefen gari yanzu su ma suna son ido. Gona ce jiya, yau an ja igiya an kafa turaku. Ka tambayi tsofaffin wurin ko burtali ne, ko maƙabarta, ko filin makaranta, ko hanyar ruwa. Wanda ya gina a kan burtali ya sayi rigima da kuɗinsa, mu kuwa a yankin nan ba sai an ba mu labarin abin da rigimar burtali ke haifarwa ba. Ka kira maƙwabta huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, kowa ya tsaya a kan iyakarsa a auna da tef, a rubuta ƙafa nawa ne, a ambaci inda indararo zai zuba da wanda ke da katangar tsakani. In da hali safiyo ya zana ya kafa duwatsunsa.

Ita kanta takardar, ta faɗi a fili ko sayarwa ce ko jingina. Mutane da dama da suka matsu sun karɓi kuɗi a kan jingina, bayan shekaru mai kuɗi ya ce saye ya yi, shaidu kuwa wani ya rasu, wani ya yi gudun hijira. In kafin alƙalami aka bayar, a rubuta nawa ne, yaushe za a cika, me zai faru in wani ya fasa. In mai sayarwa ko mai saye ba ya karatun boko, doka ta ce wanda ya rubuta ya sa sunansa da adireshinsa, ya kuma bayyana cewa ya karanta masa cikin harshen da yake ji kafin ya dangwala. Kuɗi kuma a tura ta banki. Ban da haɗarin ɗaukar buhun kuɗi a hanyar Sheme ko Dandume, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Rasidin banki shaida ne da ba ya mantuwa.

Za a ce duk wannan ai sai lauya, lauya kuma sai kuɗi. Gaskiya ne, kuma akwai ɗawainiyar hatimin haraji da rajista a kai. Amma abin da Baffa ya kashe a kuɗin mota kawai zuwa kotu ya isa a rubuta masa takarda mai kyau tun farko. Wanda ke ganin rubutu rashin yarda ne ya tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki take magana.

Saura waɗanda suka baro gidaje da gonaki a ƙauye. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi akwai hukuncin hauzi: in bare ya riƙe wuri shekara 10 yana gini yana rushewa, mai shi yana nan yana kallo bai ce uffan ba, kuma ba abin da ya hana shi magana, to ƙararsa ba za ta karɓu ba. Wanda tsoro ya kora yana da hanzari, haka wanda ya ba da aro ko haya, amma shi zai tabbatar wa alƙali da hakan. Don haka in ka bar wa wani gidanka ya zauna, ko gonarka ya noma kafin ƙura ta lafa, ku je gaban dagaci ko a ina yake zaune yanzu, a rubuta cewa aro ne. Ka ɗauki hoton takardar a waya, ka ba wani ɗan'uwa kwafi ya ajiye a wani gari, domin gidaje nawa aka ƙone da takardunsu a ciki.

Kai kuma mai shirin saye a makon nan, dillali zai ce maka akwai wani a bayanka da kuɗi a hannu. Ka ce masa ya ba ka mako guda ka ga magada, ka leƙa sakatariya. In ya ce ba zai iya jira ba, ka bar wa wancan ɗin.