Daga Filinge zuwa Jamus: Digiri da Turanci ba tare da Jamusanci ba

Ɗan makarantar da ya ci jarrabawar bak a Filinge, galibi Yamai yake fuskanta, tafiyar kilomita kamar 180 zuwa Jami'ar Abdou Moumouni, ko kuma jami'ar Tilaberi da aka kafa a 2014. Amma tun da labari ya bazu cewa yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, wasu samarin yankin sun fara tambaya: wanda bai iya Jamusanci ba, zai iya yin digirin farko a can?

Zai iya, sai dai ƙofar ƙarama ce. Kwasa-kwasan da ake koyarwa da Turanci sun fi yawa a digiri na biyu. Na farko kuwa akasari da Jamusanci ne. Akwai 'yan tsirarun jami'o'i irin Rhine-Waal da ke garin Kleve, kusa da iyakar Holand, wadda aka buɗe a 2009, kuma mafi yawan darussanta da Turanci ake yi.

A nan ɗan Nijar yake cin karo da abin da bai dami ɗan Kano ba. Da Faransanci ya yi karatunsa kaf, Turanci kuwa darasi ne guda da ya fara a kolej. Ko da yake dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ta ajiye Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki, jami'ar Jamus ba ruwanta da wannan. Sakamakon IELTS ko TOEFL za ta nema. Sannan a duba darajar takardarsa ta bak a rumbun bayanai na anabin. In ba ta kai ba, sai shekarar share fage a Studienkolleg, inda kusan ko'ina da Jamusanci ake koyarwa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Sai kuɗi. Tun daga 2024, mai neman bizar karatu kan nuna yuro 11,904 na guzurin shekara, wato sefa miliyan 7 da dubu ɗari 8 da ɗoriya. Shanu nawa uba zai kora kasuwar Lahadi ta Filinge kafin ya haɗa wannan? Jihar Baden-Württemberg ma tana karɓar yuro 1,500 kowane zango daga baƙin ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba.

An yarda ɗalibi ya yi aikin kwana 140 a shekara, amma mai gidan haya da mai shagon da zai ɗauke shi aiki a ƙaramin gari da harshensu za su yi masa magana. Shi ya sa wanda Turanci kawai yake nema gara ya fara duba kusa: jami'ar Maryam Abacha da ke Maraɗi, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda da Hausa zai yi cinikin ɗakin kwana.