IN AN ƊAUKE WUTA, UWAR GARKE TA MANTA GIDANTA

Daga Wakilinmu na Arewa, Jos

A unguwar Rikkos da ke cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, kamar dai sauran unguwannin garin nan, duk mai makaranta ko shago ko ɗakin shan magani da ya jera kwamfutoci ya haɗa su da waya, ya san wani ciwon kai guda. A ɗauke wuta, a tayar da janareta, kowace na'ura ta kama, amma sai aiki ya tsaya cik domin ƙananan kwamfutocin sun kasa samun babbar, watau wadda ake kira uwar garke, wadda duk bayanai ke cikinta. Ba ƙonewa ta yi ba, ba kuwa aljanu ba ne. Adireshinta ne ya canja.

MENE NE ADIRESHIN NAN?

Kamar yadda wasiƙa ba ta isa sai da lambar akwatin gidan waya, haka nan saƙo ba ya tafiya tsakanin kwamfutoci sai da lamba. Lambar nan kashi huɗu ce, kowane kashi daga 0 zuwa 255, misali 192.168.1.10. Lambobin da suka fara da 192.168 an keɓe su ne domin amfanin cikin gida, shi ya sa mai karatu zai gan su a Jos, ya gan su a Ikko.

To, hanya biyu ake ba na'ura lamba. Ta farko ita ce rautar da ke ofis ta riƙa rabawa da kanta, bisa wani tsari da ake kira DHCP wanda ya fito a 1993. Wannan kamar mai masauki ne: baƙo ya zo a ba shi ɗakin da ba kowa, in ya tafi ya daɗe sa'an nan ya komo, ba lalle ya sami ɗakin jiya ba. Ga wayar hannu wannan ba laifi. Amma uwar garke ita ake nema, tilas ta zauna wuri guda. Saboda haka sai a bi hanya ta biyu, watau a yanka mata lamba ta dindindin.

A nan ne fa gizo yake saƙa. Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Ɗaya kamar allo ne, ana rubutu a kai muddin akwai wuta, da an ɗauke sai ya wanke tas. Ɗayan kuwa kamar littafin rajista ne, abin da aka rubuta ya zauna. Da yawa daga yaran da suke gyara, in an kira su sai su buga umarnin ifconfig ko ip addr add a kan na'urar da ke aiki da Linux. Nan take komi ya daidaita, mai shago ya biya kuɗi yana godiya. Alhali kuwa a kan allo aka yi rubutun, da wuta ta ƙifta an koma gidan jiya.

JOS BA BAƘUWA BA CE

Garin Jos ya daɗe da sanin lantarki. Tun 1929 aka kafa kamfanin NESCO domin samar da wuta daga ruwan Kurra ga masu haƙar kuza. Ta fannin kwamfuta ma garin yana cikin na gaba. Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan kafin ta tsaya da ƙafarta a 1975, tana cikin jami'o'in ƙasar nan da suka fara haɗa kwamfutocinsu da waya. Wani Ba'amurke daga Jami'ar Iowa mai suna Cliff Missen ya koyar a nan daga 1998 zuwa 1999, kuma wahalar samun intanet da ya gani ita ta sa daga baya aka ƙirƙiro eGranary, watau rumbun ilmi: a tara miliyoyin takardu cikin ma'adana guda, a ɗora a kan uwar garke, ɗalibai su riƙa karantawa ba tare da intanet ba. Rumbu irin wannan, in adireshinsa ya ɓace, daidai yake da laburaren da aka kulle aka jefar da mabuɗi.

Har wa yau ga maganar jarrabawa. Hukumar JAMB ta soma jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda ɗungurungum. 'Ya'yan Rikkos da na ko'ina, fiye da miliyan guda kowace shekara, suna zama ne gaban kwamfutocin da suke karɓar tambayoyi daga uwar garken cibiyar. Makarantu da dama kuma suna da nasu ɗakunan gwaji domin yara su saba. Ashe ke nan wannan 'yar lamba ba abin wasa ba ce.

YADDA ZA A RUBUTA A LITTAFI

Abu huɗu ake rubutawa: adireshin na'urar, da lambar da ke nuna iyakar gidan, galibi 255.255.255.0, da adireshin rauta wadda ita ce ƙofar fita waje, da kuma adireshin DNS, watau mai fassara sunaye zuwa lambobi. In an manta na uku, na'urar za ta ga 'yan'uwanta amma ba za ta fita intanet ba. In an manta na huɗu, za ta fita amma ba za ta gane suna ba.

Inda ake rubutawa ya danganta da irin tsarin da na'urar take aiki da shi. A kan Debian, fayil ɗin shi ne /etc/network/interfaces. Ubuntu kuwa tun 2017 ta koma ga Netplan, fayilolinsa suna cikin /etc/netplan. A kula ƙwarai da tazarar da ke farkon kowane layi, domin tsarin ba ya yafe kuskuren tazara. Bayan an gyara sai a buga netplan try. In ba a tabbatar ba cikin daƙiƙa 120, zai mayar da tsohon tsari da kansa, wanda hakan yakan ceci mai gyara daga nesa. A kan Red Hat da danginta, ana amfani da umarnin nmcli connection modify, shi kuwa kai tsaye yake rubutawa a littafi. Masu Windows sun huta, domin lambar da aka sa da hannu takan zauna. Masu rautar Cisco kuma kada su tashi sai sun buga copy running-config startup-config, in ba haka ba aikin yini guda ya bi ruwa.

Akwai kuma wata dabara mai sauƙi. Kowane katin sadarwa yana da lambarsa ta haihuwa da ake kira MAC. Ana iya gaya wa rauta cewa duk sa'ad da mai wannan lamba ya zo, a ba shi ɗaki kaza. Sai dai in an canja rauta, ko an danna maɓallin da ke mayar da ita sabuwa, tilas a sake.

TARKO UKU

Na farko, kada a zaɓi lamba daga cikin waɗanda rauta take rabawa. In tana raba 100 zuwa 200, a ba uwar garke 10. In ba haka ba, wata rana za a ba wayar wani malami lambar nan, gida ɗaya ya zama da masu shi biyu, rikici ya tashi.

Na biyu, kada a gyara fayil ɗin /etc/resolv.conf da hannu a kan sababbin na'urori, domin akwai manhajar da take sake rubuta shi. Haka nan manhajar cloud-init takan shafe gyaran da aka yi a Netplan in ba a hana ta ba.

Na uku, sunan katin sadarwa. Da can eth0 ne, yanzu kuwa akan ga irin su enp0s3. Wanda ya kwafo tsohon darasi bai duba sunan katinsa ba, ya rubuta wasiƙa ne ga wanda ba ya gidan.

SHAWARA GA MASU SHAGO

Ba sai mutum ya yi karatun injiniya ba kafin ya kare kansa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In mai gyara ya ce ya gama, kada a ba shi ko kwabo sai ya kashe uwar garke da rauta gaba ɗaya a gabanka, ya sake kunnawa, ka ga da idonka ƙananan kwamfutoci sun same ta. A rubuta lambobin nan huɗu a takarda a manna a jikin na'urar, domin in wannan yaro ya yi tafiya wani ya san inda zai kama. Wanda yake da hali ya sayi batirin ko-ta-kwana da ake kira UPS, ya riƙe na'urar kafin janareta ya tashi.

Masu makarantu kuwa, kada su bari sai safiyar jarrabawa, yara sun zauna iyaye suna jira a waje, sa'an nan a tashi neman adireshi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa mu dace, amin.