Salsalar Turawan Afirka ta Kudu

Duk Baturen Afrikana da ya zauna neman salsalarsa, burinsa ya kai ta ga 1652, shekarar da Jan van Riebeeck ya sauka a Cape da sunan kamfanin Holan mai fataucin ƙasashen Gabas. Hanyar binciken sananniya ce: littattafan baftisma da na ɗaurin aure na coci, takardun haraji da na rabon gado, sai kundin da C.C. de Villiers ya tattara kan tsofaffin gidajen Cape. A tsarinsa kakan farko shi ne a, 'ya'yansa b, jikoki c, haka har a iso kanka.

Abin da ya ishe ni shi ne zancen wai jinin Holan ne zalla. Wace Holan? Gidajen Du Toit da De Villiers da Retief Faransawa ne da suka yi hijira saboda addini, aka sauke su a Cape a wajajen 1688. Kakan farko na gidan su Shugaba Paul Kruger daga Berlin ya zo. Shi kansa Van Riebeeck ɗin da ake tinƙaho da shi, a 1662 ya kwashe iyalinsa ya wuce Batavia.

To, a bi ta wajen uwa a ga. Matan Turawa ba su da yawa a farkon zaman, saboda haka wa za a aura? Akwai Krotoa, 'yar ƙabilar Khoi, tafintar Van Riebeeck, wadda aka raɗa wa Eva. A 1664 ta auri Pieter van Meerhof, ta rasu a 1674 a tsibirin Robben, inda daga baya aka tsare Mandela. Akwai Angela, baiwa daga Bengal, wadda aka 'yanta har ta mallaki fili. 'Yarta Anna de Koning ta auri Olof Bergh, babban jami'in kamfanin. Zuri'ar matan nan biyu ta bazu cikin manyan gidajen da suka riƙa hura hanci a zamanin wariyar launin fata.

A 1971 J.A. Heese ya ƙiyasta cewa kusan kashi 7 cikin 100 na asalin Afrikana ba na Turai ba ne. Da ɗansa H.F. Heese ya jero sunayen gidajen da ke da wannan jinin a 1984, sai da wasu suka yi barazanar kai shi kotu.